Shekarar da Na Yi Kapitan a Gindin Gawo

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya san ƙaryar da na yi muku tun kuna ƙanana. Ku ɗiyana da jikokina kun sha tambayata inda na samo sunan Kapitan, ni kuma kowa da amsar da na ba shi. Rabi na gaya mata soja na yi, nakiya ta ɗauke mini ƙafafu wajen iyakar Mali. Sani na ce masa jirgin ruwa na tuƙa a bakin teku, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina ba. Ƙaramarku kuwa har yanzu tana tsammanin akwai bindiga ƙarƙashin katifata. To yanzu likita ya hana ni gishiri, ya hana ni goro, na ga abin da ya rage a hana ni sai magana. Bari in faɗi gaskiya sau ɗaya kafin a kai nan.

Sunana Hamidu, nan Filinge anka haife ni, kuma tun ina shekara uku ban ƙara taka ƙasa da tafin ƙafa ba. Shan Inna ne. Kakata ta goya ni har wani ƙauyen arna cikin Kurfai, anka yi kwana uku ana goge, anka yanka baƙar akuya. Akuya ta mutu, ƙafafu ba su tashi ba, amma an ce naman na ci shi da gaske. Daga nan wani baduku ya yanka mini takalman hannu na tsohuwar taya, na kama gari. Abin da Allah ya rage mini a ƙasa sai ya ƙara mini a baki. In na ji mutum ya yi magana sau biyu, to muryarsa ta zama tawa. Ina yin liman, ina yin dillalin shanun Baleyara, ina yin Bazabarmiya mai kayan miya tana cinikin da ba ta so. Kasuwa ta taru tana dariya, ana jefo mini abin da ya samu.

A lokacin duk gurgu da makaho da kurman garin nan muna ƙarƙashin Baba Gado, Sarkin Guragu. Ku na yanzu kuna jin sarautar kamar abin wasa, to ba wasa ba ce. Shi ke raba wa kowa unguwar da zai bi ran Juma'a, shi ke sulhu in an yi faɗa, shi ke nemo likkafani in ɗayanmu ya rasu. A zamaninsa ba wanda ya kwana da yunwa cikinmu yana sane. Yana da jaki fari da rawani wanda ya fi shi nauyi, kuma ni ne ɗan gaban goshinsa. A tabarmarsa nake zama, a akushinsa nake ci. Kowa ya san rawanin nan kaina zai sauka.

Sai babban fari ya zo. Ba zan ba ku labarinsa ba, ku tambayi duk tsohon da kunka gani ba ya zubar da ƙanzo. Abin da ya shafe mu shi ne, mutanen da ke ba mu sadaka su ma sunka zo sunka kama layi bayanmu. Babana ya tafi cin rani kurmi bai aiko ba. Iya tana dafa ganye da dusa, tana ce mini in ci a hankali don cikina ya yi zaton da yawa ne.

Soja ke mulki a lokacin, kuma in soja ya ce a yi abu, ba a tambayar dalili. Da rani ya kama sai umurni ya zo daga Yamai cewa kowane gari ya yi noman rani. Anka haƙa rijiyoyi cikin fadama, anka ce za a yanka wa matasa fili, kowa da ƴar gonarsa. Sarkin Samari ya zagaya da lista yana rubuta duk mai fita aikin gayya. Ya wuce ta gabanmu a bakin kasuwa, ya gaishe mu da kyau, ya yi gaba da alƙalaminsa. Ni ko a jikina. Wadda abin ya dama ita ce Zali, wadda kuke kira Gwaggo Zali. Lokacin budurwa ce, makauniya, tana zaune gefenmu kullum tana tufkar igiyar guga ta sayar. Muryarta kuwa, in sauro ya wuce sai ya rufe ta.

"Hamidu, mu ba samari ba ne?"

Na ce, "Ni dai saurayi ne, ke ce ba ki gani."

"Bar wasa. An rubuta Isufu?"

"A'a."

"Na-Allah fa? Shi da ke ɗaukar buhu biyu."

"Kurma ne, ko an kira sunansa ba ya amsawa."

Ta ci gaba da murza kaba a cinyarta, sannan ta ce, "Kai da bakinka ya ishi gari, ka je ka tambayo mana."

Da ta ce bakina ya ishi gari, sai na ji kaina ya yi girman tulu. Ranar da anka tara jama'a ƙofar biro, wato ofishin hukuma, don rabon fili, na ja jiki har gaba. Mai mulkin garin a lokacin wani kapitan ne, dogo, siriri, ba ɗan ƙasarmu ba. Kullum da ƴar sanda yana bugun takalminsa da ita. Kafin ya yi magana sai ya yi tari sau biyu, ya ce, "Bon. A taƙaice." Amma a irin wanga taro talaka ba ya magana da babba kai tsaye. Sai ka gaya wa sanƙira, shi ya ɗaga murya ya miƙa. Sanƙiranmu Tanko ne, mutumin kirki, amma shekara talatin yana jin abu ɗaya daga bakin gurgu, har kunnensa ya saba.

Na ce, "Tanko, ka ce mu ma muna son fili."

Tanko ya buɗe maƙogwaro ya ce, "Ranka ya daɗe, bayin Allah guragu da makafi suna gaisuwa. Suna roƙon Allah ya ƙara girma. Sun ce a tuna da su."

Na ce, "Ba haka na ce ba. Fili na ce."

"Sun ce ko kaɗan ne, Allah ya ba da lada."

Sai haushi ya kama ni, na tsallake Tanko na ɗaga murya da kaina. Amma da na ga idon jama'a a kaina, sai tsohon hali ya motsa. Na ce ai duk garin nan ba wanda ya kai mu sanin ƙasa, mu da muke gaisawa da ita da hannu kowace safiya. Na ce Sarkin Samari kafin ya duƙa ya cire ciyawa ɗaya da wanga tumbi nasa, ni na gama kadada. Na yi musu yadda yake nishi. Wuri ya kaure da dariya, tsofaffi na share hawaye, har Kapitan ya juya kai yana gyara hularsa. Ya yi wa wani gardi mai tsaron biro alama, anka kawo rabin buhun jar dawa ta taimako anka ajiye gabana. Na komo a kan amalanke kamar wanda ya ci yaƙi.

Zali ta shafa buhun, ta ce, "Wanga mi ne?"

"Dawa. Da kin ga yadda sunka yi dariya."

"Na ji ta daga nan. Ina filin?"

Na kama gyara bakin buhun.

"Hamidu, bara ka yi. Mu da kwano muke yi, kai da dariya."

A rayuwata an zage ni da Hausa, an zage ni da Zabarmanci, wani direba ya taɓa zagina da Faransanci tun daga Bonkuku har Baleyara. Ba zagin da ya shige ni kamar wagga magana da anka faɗa da muryar sauro. Na yi kwana uku ban kwaikwayi kowa ba, har Iya ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne.

Baba Gado ya raba dawar nan daidai, tsofaffi farko. Sannan ya sallami kowa ya bar ni.

"Ɗana, an ce fili kake nema."

"E, Baba."

"To in an ba ku, gobe ƴan kasuwa su ce ai guragu na noma yanzu, su rufe hannu. Ku matasa kun ci albasa. Malam Idi da ba ya iya juyawa a tabarma fa? Tsohuwa Kande fa? Su ma dashe za su yi?"

"Baba, hannun ai ya riga ya rufe."

"Zai buɗe in damina ta yi kyau. Shekara arba'in ina riƙe da mutanen nan da ƙofa ɗaya, kai kana son ka toshe ta don ka ji daɗin bakinka. In ka koma biro da wagga magana, kada ka ƙara zama tabarmata."

Ina son ku san cewa tsohon nan ba mugu ba ne, kuma maganarsa ba ƙarya ba ce. Iya ma bayansa ta bi. Ta ce, "Kai da za a naɗa ka sarki, za ka je ka zama manomin ganyen salati? Ubanka mai ƙafa biyu ma noma ya kore shi." Na ce mata sarautar da talakawanta ke cin dusa, ko an naɗa ni rawanin zan dafa. Ta jefe ni da muciya. Amma da safe na ga ta zuba mini ruwa a gora.

Mu bakwai munka haɗu gindin wani gawo bayan gari, kan hanyar fadama. Nan na gano abin da ban taɓa lura da shi ba. Duk cikinmu ba mai iya magana da babban mutum. Ni in na buɗe baki wasa ke fitowa. Isufu, mai hannu ɗaya, da ya fara magana sai hannun nan nasa ya juya da kansa, tafi sama, kamar an kira shi. Zali in ta yi jimla biyu sai muryarta ta gangara cikin waƙar bara ba ta sani ba. Tun muna yara abin da anka koya mana ke nan, ya zauna cikin jiki. Sai Zali ta ce, tunda na iya muryar kowa, in zama Kapitan su riƙa gwadawa a kaina.

Anka kife tsohon turmi anka ɗora ni. Na kifa kwanon sha a ka, na samu karan gero ina bugun gwiwa. Na yi tari sau biyu.

"Bon. A taƙaice. Kai wane ne?"

Isufu ya ce, "Ranka ya daɗe, don Allah don Annabi..."

"Gardi, a ba shi dawa ya tafi. Na gaba."

Haka munka yi ta yi kowace hantsi, mako da mako. Munka kafa wa kanmu doka. Ka faɗi sunanka da na ubanka, don a san kai ɗan gari ne. Ka faɗi abin da kake so, ka faɗi abin da za ka yi da shi, sannan ka yi shiru ka jira. Isufu munka ba shi dutse ya riƙe don hannun ya daina juyawa. Zali munka sa ta tsaya can nesa, in ban ji ta daga kan turmi ba sai in ce a kore ta. Na-Allah kurma yana zana fili a ƙasa, ga rijiya, ga kwalbatin ruwa, ga inda kowa zai tsaya, har ya fi mu duka bayani. Kowa sai ya iya maganar gaba ɗaya, don in an hana ɗaya shiga wani ya faɗa. Ni kuma ina gallaza musu tambayoyin da sunka fi na Kapitan na gaske zafi. Dokar da ta fi ba ni wuya ita ce ta ƙarshe, ta yin shiru. Zali ta ce ko mushen lakwal, wato malamin makaranta, bai isa ya koya mini shiru ba.

Kuskurenmu ɗaya, kuma sai mu za mu yi shi. Mun saba duk inda munka zauna mutane su wuce kamar ba su gan mu ba, sai munka ɗauka har yanzu haka ne. Ashe mata masu zuwa itace sun fara laɓewa bayan geza suna kallo. Cikin kwana kaɗan yara a gari sunka fara tari sau biyu suna cewa "Bon, a taƙaice." A zamanin da in ka ambaci soja sai ka waiga.

Wata safiya ina wanke baki sai ga gardi biyu ƙofar gida. Sunka ce ana nemana biro. Sunka dube ni, sunka dubi nisan hanya, sunka aro burweti, wato baron tura yashi, wurin magina. Ni ne fursuna na farko a tarihin Kurfai da anka kai gaban hukuma kamar yashi. Iya tana biye tana salati. Da munka biyo ta kasuwa, Zali ta ji kukan ƙafar burweti da muryar Iya, ta ajiye kabarta ta miƙe. Ta lalubo hannun burweti ta riƙe.

Gardi ya ce, "Ke ba a kira ki ba."

Ta ce, "Ni na sa shi."

Ba su san yadda za su yi da makauniya mai kai kanta ba, sai sunka bar ta. Da munka iso ƙofar biro na hangi farin jaki ɗaure jikin icen bedi. Baba Gado na zaune ƙasa da rawaninsa. Bai dube ni ba. Daga baya na ji cewa tun da ya samu labari ya zo ya ce in gidan kaso za a kai yaron, a haɗa da shi.

Anka sauke ni tsakiyar ofis. Kapitan na zaune bayan tebur yana shan taba. Ya daɗe yana kallona.

"An ce mini kapitan biyu ne a garin nan."

Bakin nan nawa da ya ishi gari ya bushe ƙaf.

"Yi in gani."

"Ranka ya daɗe, wasan yara ne."

"Ban tambaye ka ba. Yi."

Ya turo mini sandarsa ta kan tebur. Gardi ya ɗora ni kan benci. Na riƙe sandar nan, na bugi gwiwa, na yi tari sau biyu. Tarin farko na kwaikwayo ne, na biyu na tsoro. Ba wanda ya yi dariya. Agogon bango kaɗai ke magana.

Kapitan ya ce, "Daga nan sai mi?"

"Daga nan sai su yi magana, ranka ya daɗe. Koyo suke yi. Ni ba zaginka nake ba, allo ne ni."

"Koyon mi?"

"Koyon yadda za su gaya maka abu ba ta bakin Tanko ba."

Ya kalli Zali da ke tsaye bakin ƙofa. "To ga ɗaya. Ku ci gaba."

Na ce da muryarsa, a gabansa, "Bon. A taƙaice. Ke wace ce?"

Zali ta fuskanto ni, yadda ta saba gindin gawo. Ta buɗe baki, sai ta tsaya. Na ga hancinta ya motsa. A hankali ta juya ta ba ni baya, ta fuskanci inda hayaƙin taba ke fitowa.

"Sunana Zalika, ɗiyar Mamman maƙeri, unguwar gabas. Mu bakwai ne, samarin garin nan, ba a rubuta mu lista ba. Muna son fili ɗaya cikin fadama, mu noma tare. Biyu za su ja ruwa, biyu su ɗauka, uku su yi dashe da cira. In kaka ta yi ba mu fid da komai ba, a karɓe a ba wani."

Ta yi shiru. Hannuwanta na ƙasa, muryar ba ta gangara ba.

Kapitan ya ce, "Ke da ba ki gani, wane aiki za ki iya a lambu?"

"Rijiyar da ke bayan biron nan, igiyar gugarta ni na tufke ta. Tun kafin azumi anka saya. Ta tsinke?"

Ya dubi gardi. Gardi ya ce, "Tana nan, mon kapitan."

Sai wuri ya yi tsit. Kapitan yana juya taba a yatsa. To a daidai nan ne, ɗiyana, wata magana ta zo mini kan harshe. Wallahi tunda nake ban taɓa samun abin dariya kamarta ba. Da na sake ta, da gardin nan sun faɗi ƙasa, da Kapitan ya ƙware da hayaƙi, da mun fita lafiya da cikakken buhu. Ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Na cije ta har na ji ɗanɗanon jini. In ana lissafin abin da na yi wa mutanenmu a duniya, to wanga shiru shi ne babba.

Kapitan ya ja takarda ya yi rubutu. Ya ce akwai fili can ƙarshen fadama da ba wanda ya so, a ba mu rani ɗaya a gani. Sannan ya miƙo hannu na mayar masa da sandarsa.

"Kai kuma, kwana uku kana sharar farfajiyar biro. Kuma ka gyara aikinka. Ni ba na tari sau biyu."

Ya yi tari sau biyu, ya ce a fita da mu.

Na share farfajiyar nan kwana uku ina waƙa. Mutane na cewa wayyo an sa gurgu aiki, ni kuwa ina jin daɗi, don ranar ce ta farko da gwamnati ta yarda ina iya wani abu. Tun daga nan sunan Kapitan ya bi ni.

Filin kuwa, da munka je munka ga dalilin da ya sa ba mai so. Ƙasa fara fat da kanwa, rijiya kuma sai ka yi guzuri. Na-Allah ya yi ta jido taki daga turken shanun mutane, Isufu ya koyi rataya arozuwar, wato butar ban-ruwa, a kafaɗa, ni da sauran muna jan ciki tsakanin kunyoyin shuka. Zali na bakin rijiya tana ja tana ba da umurni, muryar sauro ta zama ta jirgi. Tumatir duk ya ƙone. Salati awaki sunka yi mana rabi. Albasa ce ta ji tausayinmu, ita da kabewa.

Abin da Baba Gado ya faɗa kuma ya faru. Wasu ƴan kasuwa sunka fara ce wa tsofaffinmu, ku je lambunku mana. Ranin nan Malam Idi da tsohuwa Kande sun sha wuya, kuma da hannunmu a ciki, ba zan ɓoye muku ba. Baba bai yi mini magana ba wata huɗu. In jakinsa ya hango ni, shi ma sai ya kau da kai.

Ranar da munka cire albasa, Zali ta ce kwandon farko gidan Baba za a kai, da rabon kowane tsoho a ciki. Na ce ni ba ni zuwa, ƙafata na ciwo. Ta ce wace daga ciki. Munka same shi zaure da fadawansa. Na-Allah ya sauke kwando gabansa. Tsoho ya dube shi, ya dube mu.

"Sadaka kunka kawo mini?"

Zali ta ce, "A'a, Baba. Manomi in ya yi girbi, sarkinsa yake fara kai wa. Kai ne sarkinmu."

Ya ɗauki albasa ɗaya ya juya ta, ya sansana. "Ƙanana ne."

Na ce, "Ƙasar ce, Baba."

"Ba da kai nake ba." Ya sake ɗaukar wata. "Kande na son kabewa. Akwai?"

"Akwai."

"Kowace kaka?"

Zali ta ce, "Kowace kaka, in Allah ya yarda."

Ya mayar da albasar cikin kwando. Sannan ya muskuta gefe ɗaya, ya bar wuri a tabarma daidai zaman mutum guda. Na fara jan jiki. Ya ɗaga hannu.

"Ba kai ba. Ita."

Rawani kuwa da ya rasu wani anka naɗa, ban samu ba, kuma ban ce ban ji zafi ba. Amma ya mutu muna shiri. Ni na riƙa yi masa muryar dillalin Baleyara a ciwonsa na ƙarshe yana dariya har yana tari.

Filin ba a karɓe ba. Soja sunka tafi, anka zo da ƙuri'a, soja sunka komo, sunka sake tafiya, mu muna nan muna dashe. Munka yi ƙungiya da takarda da hatimi, Zali ce shugaba. Da anka fara zaɓen ƴan majalisar gari ta tsaya ta ci, ita ce ta matsa har anka yi wa lakwal da asibiti gangaren hawan keken guragu. Hoton nan da ke ɗakina wanda nake tsakiya ina ɗaga hannu, turewa na yi na shiga. Ku daina gaya wa mutane ni na kafa ƙungiya. Na nemi aurenta sau uku, ta ce ta riga ta ji duk muryoyina ba wadda ta yi mata. Allah ya sa uwarku ba ta da wuyar sha'ani haka.

Gawon nan ya faɗi, turmi ya ruɓe, amma zaman bai mutu ba. Har yau kowane mako ana kawo mini yara, guragu da makafi da kurame, daga nan har Bonkuku da Abala, su koyi magana a kaina. Na yi magajin gari, na yi ɗan majalisa mai alkawari, na yi Baturen furoje, wato na ƙungiyar taimako, mai cewa a rubuto. Dokar ba ta sake ba. Sunanka, sunan ubanka, abin da kake so, abin da za ka yi.

Makon jiya wata yarinya mai keke, ba ta fi sha biyar ba, tana gwada yadda za ta nemi a sauko da ajinsu ƙasa daga bene. Ina daraktan lakwal, na sa tabarau, ina duba agogo. Tana tsakiyar magana na katse ta na ce a dawo bayan hutu, kamar yadda suke yi. Ta dube ni ido cikin ido, hannuwanta kan cinya, tafi ƙasa.

"Mushe, ban gama ba."

Wata magana mai daɗi ta zo mini kan harshe. Na haɗiye ta, na ce ta ci gaba.